Auren da Husaina Ta Yanke

A shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula, Husaina tana aiki a Tashar Zumunci, wani ƙaramin gidan talabijin mai zaman kansa a unguwar Tarauni cikin Kano. Aikinta yankan fim ne. Duk fim ɗin da za a nuna da rana, lokacin da yara suka dawo daga makaranta mata kuma suka sauke tukunya, sai ya bi ta hannunta tukuna. Mutanen unguwarsu a Gyadi-Gyadi sun ɗauka da almakashi take yi, har wata maƙwabciya ta taɓa aiko mata da atamfa wai ta taimaka ta yanka mata. Alhali kuwa injuna biyu ne a wani ɗaki mai sanyi marar taga. Ɗaya yana juya kaset ɗin asali, ɗayan yana naɗar abin da aka yarda a nuna. Abin da ba a so, sai a tsallake shi, a haɗa gaba da baya.

Abokin aikinta Jude shi ke danna injunan. Iyayensa mutanen kudu ne, amma a Kano aka haife shi, kuma idan yana magana a bayan ƙofa ba mai cewa ba Bakano ba ne. Husaina takan zuba wa allo ido ta ce "tsaya" ko "ci gaba," shi kuma ya danna. Sun daɗe tare har yakan gane za ta ce tsaya tun daga yadda ta ja numfashi.

A zamanin soja akwai wani kyaftin da yakan zo ya zauna a bayansu a kan wata kujera mai laushi. Shi ba ruwansa da rawa ko kwalba. Abin da ya hana shi ne a nuna jama'a sun taru suna jifan hukuma, ko a nuna an yi wa mai kaki dariya. Da zarar an shiga waƙa sai barci ya kwashe shi. Ranar da aka kwashe buhunan yashin da ke bakin ƙofar tashar, wani mai gasa masara ya kafa murhunsa a wurin, kyaftin bai ƙara zuwa ba. Jude ya mai da kujerar wurin ajiye kular abincinsa.

Husaina ta zaci aiki zai yi sauƙi, sai ya ƙara tsanani. Malam Ɗanladi, shugaban sashen shirye-shirye, mutum ne mai kirki amma mai yawan tsoro. Ya kira su ofishinsa ya ce, "Da mutum ɗaya muke tsoro, mun kuma san kujerarsa. Yanzu kowa mai iko ne. Kansila zai bugo waya, limamin unguwa zai aiko, 'yan jarida kuma an sake musu baki. Saboda haka ku buɗe ido. Kada in ga kwalbar giya, kada in ga rawa da cibiya a waje, kada in ga ana zagaya wuta ana bauta."

A cikin wannan hali, farkon damina, tashar ta fara nuna wani dogon fim na Indiya, kashi-kashi kowace rana bayan azahar. Sunansa yana da wuyar faɗa, sai mata suka sa masa fim ɗin direba. Labarin wani direban babbar mota ne da ya ga 'yar wani attajirin manomi ya kamu da sonta, uban kuma ya rantse ba zai ba shi ba. Ba a yi mako ba fim ɗin ya kama Tarauni da kewaye. Masu aikin gida suna gaggawar wanke-wanke, masu kitso suna ɗaga wa abokan cinikinsu lokaci.

Wata safiya Husaina da Jude suka iso wurin bikin auren direba da yarinyar. Biki ne na gani na faɗa, sai dai duk abin da Malam Ɗanladi ya hana an tara shi a ciki. Ga 'yan rawa da guntayen riguna, ga abokan ango da kwalabe, ga wuta a tsakiyar fili ango da amarya suna zagayawa. Husaina ta yi ta cewa tsaya, ci gaba, koma baya, tana neman abin da za ta tsira da shi. Suna cikin haka Malam Ɗanladi ya leƙo, ya kuwa yi daidai da inda wata 'yar rawa ta cika allon.

Ya dafe hularsa ya ce, "Subhanallahi. Malama Husaina, wannan za ku sa wa yaran mutane da tsakar rana?"

"Muna nan muna tsincewa, Yallaɓai."

"Ba abin tsincewa a nan. A cire shi gaba ɗaya, daga farkon kiɗan har ƙarshensa. Ga masu watsawa can suna jiran kaset."

Suka cire. Jude ya haɗa gaba da baya, haɗin ya zauna lafiya lau ba ko ƙyaftawa. Husaina ta duba ta gamsu. Da yake ita ta ga auren da idonta, a cikin kanta an riga an ɗaura shi, bai zo mata a rai ba cewa mai kallo a gida bai halarta ba.

Da yamma ta sauka daga bas a Gyadi-Gyadi, ta biya gidan Gwaggo Rabi kamar yadda ta saba. Gwaggo Rabi ƙanwar mahaifinta ce, ita ta riƙe ta tun tana ƙarama, kuma da yake ita ce mai talabijin mai kala a layin, a falonta mata suke taruwa kallo. Kullum Husaina takan tarar ana ta musu a kan fim. Ran nan sai ta tarar da matan zaune shiru, an lulluɓe talabijin da zane, an kuma kori yara waje.

"Sannunku da gida. Gwaggo, lafiya?"

"Lafiya ƙalau. Zo nan ki zauna." Gwaggo ta nuna mata tabarma kusa da ƙafarta. "Ba ke ce kike duba fim ɗin nan kafin a sako mana ba?"

"Ni ce."

"To. Jiya mun bar yarinyar nan tana leƙen direba ta taga, ubanta yana ta kumfar baki. Yau muna zaune da jikokinmu, sai ga ta da jariri a hannu. Shi kuma direban yana kishingiɗe a ɗakinta da 'yar shara yana shan shayi. Ina so ki faɗa mini, yaushe aka ɗaura aure?"

Sai yanzu Husaina ta ga fim ɗin yadda suka gan shi. Dariya ta taso mata, ta danne, ta ƙi dannuwa, ta kifa kai a gwiwa kafaɗunta suna rawa.

"Au, abin dariya ne?"

"Gwaggo, yi haƙuri. Wallahi an ɗaura. Biki aka yi babba, uban ma ya sauko ya sa albarka. Ni ce na yanke shi."

"Kika yanke aure?"

"Akwai rawa a ciki, da wuta, da..."

"Kika yanke aure, kika bar ɗa."

A nan sauran matan suka kasa daurewa, falon ya kaure da dariya. Wata tsohuwa da ta yi ta tsine wa direba tun azahar ta ce Allah ya yafe mata, ashe bawan Allah ta zalunta. Gwaggo kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Ta ce ita tun farko ta san yarinyar nan mai kunya ce, ga yadda take sunkuyar da kai in ubanta yana magana, shi ya sa abin ya tsaya mata a rai.

Ana cikin haka aka yi sallama, Madam Titilayo ta shigo tana haki. Bayerabiya ce mai kantin kayan masarufi a Tarauni, ƙawar Gwaggo tun suna sarin atamfa tare. Tana da janareta, saboda haka ko an ɗauke wuta mata da masu jiran bas sukan cika gaban kantinta suna kallo. Ko zama ba ta yi ba ta fara.

"Hajiya, kin ga abin da suka nuna? Matar fastonmu tana kantina da 'ya'yanta. Ta kama hannunsu ta fita, ko sabulun da ta saya ba ta ɗauka ba." Sai ta hango Husaina. "Yauwa, ga 'yar gidan. 'Yata, me ya sami tasharku?"

Aka mayar mata da bayani. Ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera, sannan ta share ido ta ce, "To mu mun ji. Mutanen Darmanawa fa? Mutanen Babban Giji fa? Yanzu duk gari an tafi a kan yarinyar nan ta yi abin kunya."

Gwaggo ta ce, "Abin da nake faɗa ke nan. A bainar jama'a aka ɓata ta, a bainar jama'a za a wanke ta. Gobe za mu je tashar."

Dariyar Husaina ta ɗauke. "Gwaggo, don Allah. Ku bari ni zan gaya wa shugabanmu. Wurin aikina ne fa."

"Ba faɗa za mu je yi ba. Da can da sojoji suke tsaye da bindiga a ƙofar, ko ta gaban ba na bi. Yanzu kuwa mu muka yi layi a rana muka jefa ƙuri'a. In ba mu je mun faɗi abin da ya dame mu ba, layin me muka yi?"

Husaina ta koma gida. Mijinta Sadiq da ya ji labari ya yi ta dariya har tuwo ya sarƙe shi, ya ce shi dai in an kore ta zai buɗe mata shagon ɗinki, tun da unguwa ta riga ta yarda ta iya almakashi.

Washegari da hantsi bas ta tsaya a ƙofar Tashar Zumunci, mata suka dinga fitowa kamar ba za su ƙare ba. Labari ya zaga tun da safe, wasu sun taho daga Darmanawa, wasu daga Babban Giji. Kowacce ta ci ado, ga masu mayafi ga masu gwaggwaro. Baba Isyaku mai gadi ya tsaya riƙe da ƙofa bai san abin yi ba, domin tun da ya fara aiki ba a taɓa zuwa masa da yawa haka ba sai in kama wani za a yi. Gwaggo ta gaishe shi, ta tambayi iyali, sannan ta ce sun zo ganin mai gidan. Ya buɗe.

Malam Ɗanladi ya hango su ta labule ya aika a kira Husaina. Ta same shi ya sa hula ya cire ya sake sawa.

"Malama Husaina, zanga-zanga ce? Wace jam'iyya ce ta turo su?"

"Ba jam'iyya ba ce, Yallaɓai. Gwaggona ce."

Ta faɗa masa abin da ya faru a taƙaice. Ya dubi silin, sannan ya ce a hankali, "Wato mun cire halal mun bar musu haram." Ya gyara babbar rigarsa ya ce a shigo da su.

Ofishin bai ɗauke su ba, wasu suka tsaya a baranda. Malam Ɗanladi ya fara jawabi irin na ma'aikata, yana maganar ƙa'idojin watsa shirye-shirye da nauyin da ke kan tasha na kare tarbiyya. Gwaggo ta bar shi ya kai aya, sannan ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri. Tarbiyyar ce ta kawo mu. Jikata ta tambaye ni jiya, Gwaggo, ashe ana samun jariri ba a yi biki ba? Ka ga ni da kai ba mu so haka ba."

"Gaskiya ne, Hajiya. Kuskure ne, kuma ni na ba da umarnin."

"To ba komai. Yanzu dai muna so mu ga auren."

"Hajiya, akwai abubuwan da ba su dace ba a ciki."

Madam Titilayo ta ce, "Oga, dube mu da kyau. Wace ce a cikinmu ba ta aurar da 'ya ba? Ba yara ba ne mu. Mu gani, sai mu gaya maka abin da ya dace da yaranmu."

Malam Ɗanladi ya dubi Husaina, ita kuma ta dubi ƙasa. Ya ce to.

Ɗakin yankan fim bai taɓa ganin irin wannan rana ba. Jude ya yi maza ya ɗauke kularsa, Gwaggo ta zauna a kujera mai laushi, sauran suka jeru a bayanta har bakin ƙofa, ƙamshin turare ya cika ɗakin. Wata ta ce ashe nan ne ake ɓoye sanyin Kano. Wata ta tambayi inda almakashin yake. Jude ya sa kaset ɗin asali ya danna.

Da amarya ta fito cikin jan sari, hannu ya sha lalle, sai matan suka zuba wa allo ido. Uban yarinyar ya zo ya tsaya gaban direba, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya kama hannun 'yarsa ya sa a nasa. Husaina ta ji ana jan hanci a bayanta. Ta waiga ta ga tsohuwar da ta tsine wa direba tana share hawaye da bakin mayafi. Da ango ya rataya wa amarya sarƙar furanni, wata mata daga Darmanawa ta rangaɗa guɗa, har Baba Isyaku ya baro ƙofa a guje ya zo ganin ko lafiya.

Sai aka shiga rawa. Gwaggo ta kalla na ɗan lokaci, ta taɓe baki ta ce, "Wannan kam Malam ya yi gaskiya. Ba za a sa wa yara ba." Madam Titilayo ta ce kwalaben ma a bar su inda suke. Wurin wuta aka ɗan yi musu. Wasu suka ce al'adarsu ce, a nuna, wasu suka ce yara za su yi ta tambayar da ba a shirya amsa ta ba. Daga ƙarshe aka bar shi a cire.

Malam Ɗanladi ya ce, "To kun gani. Mun dawo inda muka fara. In aka cire duk wannan, me ya rage?"

Gwaggo ta ce, "Baki ya rage. Abin da ba a nuna ba, ba sai a faɗa ba? In ban je biki ba, ai wadda ta je takan zo ta ba ni labari, in ji kamar na je."

Jude ya riga ya fara mai da kaset baya. Ya tsaya daidai inda ango yake rataya furanni, fuskoki biyu kawai a allo, ba wuta ba 'yan rawa. Ya ce, "Ana iya tsayar da wannan hoton, Yallaɓai, a ɗora murya a kai. Sannan a sa wurin da uban ya haɗa hannunsu, shi ma ba komai a ciki in na matso da hoton kusa da hannayen."

"Muryar wa? Mai karanta labarai sai yamma yake zuwa."

Duk suka juya suka dubi Husaina.

Ita kuwa tun da ta fara aiki ba ta taɓa zama gaban makirufo ba. Ta ce ba za ta iya ba, muryarta ba ta rediyo ba ce. Gwaggo ta ce wadda ta yanke ita za ta ɗinke. Aka kawo makirufo aka kafa mata, Jude ya ɗaga yatsa, ta gyara zama ta ce da murya a ƙage, "Masu kallonmu, muna sanar da ku cewa an ɗaura auren waɗannan mutane biyu kamar yadda al'adarsu ta tanada."

Gwaggo ta ce, "Tsaya. Wannan ai sanarwar rasuwa ce. Haka kike ba ni labari in kin dawo daga biki? Juyo nan ki dube ni, ki manta da ƙarfen nan."

Husaina ta juya kujerarta. Ta ga Gwaggo ta tallafe haɓa tana jira, kamar yadda takan yi a tsakar gida. Sai ta ji bakinta ya saki.

"To jama'a, jiya mun yi muku laifi, mun kai ku suna ba mu kai ku biki ba. Ku gyara zama ku ji yadda aka yi. Uban yarinyar nan dai ya kwana uku bai ci abinci ba don fushi. Da ya ga 'yarsa ita ma ta daina ci, sai jikinsa ya yi sanyi. Ya aika aka kira direba, ya ce masa, kai talaka ne amma ban taɓa jin an ce ka yi ƙarya ba, na ba ka. Aka sa rana. Direbobin garin kaf suka wanke motocinsu suka yi musu ado da furanni, suka jeru tun daga tasha har ƙofar gidan. Amarya ta sha lalle har gwiwar hannu, ta yi kukan rabuwa da uwarta har kwalli ya zubo. Ga su nan kuna gani. An ɗaura aure a gaban dangi da shaidu, aka ci aka sha, aka kai amarya ɗakinta. Jaririn da kuka gani jiya, bayan shekara guda aka haife shi, ɗan halal ne, kuma sunan kakansa aka sa masa."

Ta tsaya. Jude ya ɗaga babban yatsa. Madam Titilayo ta rungume ta ta baya har makirufo ya kusa faɗuwa. Malam Ɗanladi ya tambaya ko da gaske sunan kakan aka sa wa yaron, Husaina ta ce haka yake a rubutun da ke ƙasan allo, ba ta ƙara ko kalma ba. Ya ce to a kai wa masu watsawa.

Ya ba ta izinin tashi da wuri ran nan, ta bi matan a bas suka koma Gyadi-Gyadi. Kafin azahar falon Gwaggo ya cika, an yaye zanen da ke kan talabijin, an bar yara sun shigo sun zauna a gaba. Husaina ta maƙale a bakin ƙofa. Da muryarta ta fito daga akwatin sai ta rufe fuska da mayafi, yara suna waigowa suna dubanta suna duban allo. Da aka zo wurin ɗan halal, guɗa ta tashi a falon, wata ta amsa daga gidan da ke bayansu, wata kuma daga can ƙarshen layi. Daga baya suka ji cewa a Tarauni Madam Titilayo ta buɗe kwalin alawa ta raba wa duk wanda ke gaban kantinta, matar fasto ma ta dawo da 'ya'yanta ta karɓi sabulunta.

Abin da aka yi don gyaran kuskure sai ya zauna. Masu kallo suka yi ta bugo waya suna cewa a ci gaba da haka. Duk inda aka yanke wani abu mai muhimmanci a fim ɗin rana, sai a tsayar da hoto, Husaina ta faɗi abin da ya faru. In bos, wato mugun fim ɗin, ya sha giya ya kashe mutum, sai ta ce ya sha abin da ya fi ƙarfinsa ya aikata aika-aika, Allah ya kiyashe mu. In an yi rawar da ba ta nunuwa, sai ta ce sun yi farin ciki sun taka har sun gaji. Gwaggo da Madam Titilayo da wasu mata kaɗan suka riƙa zuwa duk ranar Talata da safe suna duba fim ɗin mako tare da su. Ba kullum suke shiri ba. Sun taɓa shafe safiya guda suna musu a kan wani dambe, Gwaggo tana cewa a bar shi don yara su ga ƙarshen azzalumi, Madam tana cewa jikokinta za su gwada a kan juna. Malam Ɗanladi ya sa musu suna kwamitin iyaye mata. Duk kansilan da ya bugo waya da ƙorafi, sai ya ce masa cikin ladabi ya zo ranar Talata ya faɗa wa Hajiya Rabi da bakinsa. Ba wanda ya taɓa zuwa.

Wajen ƙarshen damina, ana tsakiyar wani sabon fim na wasu 'yan'uwa biyu da suka ɓace wa juna tun suna yara, Husaina ta shiga kasuwar Tarauni yin cefane. Ta tsaya gaban wani mai tumatir ta tambayi kuɗin kashi. Mutumin ya ɗago kai ya ƙura mata ido.

"Hajiya, don Allah sake magana."

"Na ce nawa kashin nan?"

Ya ajiye ledar da ke hannunsa ya kira maƙwabcinsa mai albasa. "Haruna, zo ka ga mai ba da labarin fim ɗin rana." Haruna ya taho yana goge hannu a riga, wasu mata biyu da ke ciniki suka matso.

Mai tumatir ya rage murya ya ce, "Hajiya, tsakanina da ke. Ɗan sandan nan da ke farautar ɓarawon, zai gane ƙaninsa ne kafin ya harbe shi? Wallahi uwargidana ta kasa cin abinci."

"Malam, in na faɗa maka ai na ɓata maka kallo."

"Ko da ido ki yi mini alama."

Husaina ta yi dariya ta ce, "Ka ce wa uwargida ta ci abincinta. Iyakar abin da zan faɗa ke nan."

Mutumin ya yi ajiyar zuciya ya ce alhamdu lillahi. Ya cika mata leda, ya ƙara gyara mai yawa, Haruna kuma ya jefa albasa a kai ya ce tasa gudummawar ke nan. Ta yi godiya ta ɗauki kayanta, ta nufi bakin titi tana sauri, don Jude yana can yana jiranta da kashi na gaba, kuma ita kanta ba ta ga ƙarshen fim ɗin ba tukuna.